Tsakanin Rauni da Wuƙar Likita

(Kiɗan buɗe shiri, ya lafa a hankali)

Gaisuwa ga mutanen Guéné da ƙauyukan kewaye, da na Malanville da Karimama, da 'yan'uwanmu na tsallaken kogi, Gaya da maƙwabtanta. Direbobin kamiyo da kuka yada zango a bakin kwalta, sannunku da hanya. 'Yan kabu-kabu, sannunku da ƙura. Iyayenmu mata da kuka jingine rediyo a gefen murhu, a yi tuwo lafiya.

Da na gaya wa wani dattijon unguwarmu abin da zan kawo muku yau, sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, jini da dariya ai ba su shiga tukunya ɗaya." Na ce, "Baba, ni ma da haka na ɗauka." Zancenmu na yau a kan wani tsohon wasan kwaikwayo ne na talabijin, na ban dariya, wanda kuma tun daga farkonsa har ƙarshensa a asibitin yaƙi ake yin sa. Ku ba ni aron hankalinku. Za mu leƙa Amurka, mu zarce Koriya, amma a nan gida za mu kwana.

Manyanmu da suka yi zaman Najeriya, ko suka riƙa kama Rediyon Kaduna, sun san Samanja Mazan Fama. Usman Baba Pategi, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023, soja ne na gaske kafin ya zama ɗan wasa. Ya ɗauko tsawar samanja, da rigingimun zaman bariki, da Hausar nan ta sojoji mai gauraye da Turancin buroka, ya mai da su abin da gida duka zai zauna a yi ta ƙyaƙyata dariya. Saboda haka dariya da kaki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. To ku ɗauki wannan bariki na Samanja, ku tura shi har inda ake jin ƙarar igwa, ku sa wa mutanen cikinsa farar riga a kan kakin, ku riƙa sauke musu raunanan samari dare da rana. Kun sami wasan da nake nufi.

Sunansa M*A*S*H, ana faɗinsa "Mash". Haruffan nan huɗu taƙaitawa ce ta sunan da rundunar sojan Amurka ta ba wani irin asibiti, wato asibitin tiyata na tafi-da-gidanka. Ba bulo, ba siminti. Tantuna ne da gadaje masu naɗewa da injin wuta, a kafa su kusa da bakin daga, in daga ta matsa a tsinke igiyoyi a loda a mota a bi ta. A yaƙin Koriya aka fara ganin amfaninsu sosai, yaƙin da ya ɓarke ran 25 ga Yuni 1950, aka tsagaita wuta ran 27 ga Yuli 1953. Wani likitan tiyata mai suna Richard Hornberger ya yi aiki a ɗaya daga cikinsu, mai lamba 8055. Bayan ya koma gida ya rubuta littafi a kan zaman da ya yi, ya fito a 1968 da sunan aro, Richard Hooker. A 1970 Robert Altman ya mai da littafin fim, har ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Ran 17 ga Satumba 1972 kuma tashar CBS ta fara nuna shi a talabijin mako-mako, da marubuci Larry Gelbart a kan gaba.

Yaƙin shekara uku da wata ɗaya ya yi. Wasan shekara 11 ya yi, kashi sama da 250. Ranar da aka nuna na ƙarshe, 28 ga Fabrairu 1983, mutum kusan miliyan 106 ne suka zauna kallo a Amurka, kuma har yau ba a sami wani wasan kwaikwayo na talabijin da ya tara musu jama'a haka a dare ɗaya ba.

Su wa ke cikin tantin? Akwai Hawkeye, wanda Alan Alda ya fito a matsayinsa: gwanin wuƙa, mai baki kamar reza, ba ya son kaki, ba ya son sara wa manya, ba ya son bindiga. Akwai Manjo Margaret Houlihan, shugabar ma'aikatan jinya mata, mai tsare doka. Akwai Frank Burns, likitan da hannunsa bai kai bakinsa ba, ga son girma. Akwai wani yaro magatakarda da ake kira Radar, domin yakan ji ƙarar jirage masu saukar ungulu tun kafin kowa ya ji. Akwai limamin Kirista, Fada Mulcahy, mai sanyin hali. Sai Kofur Klinger, ɗan asalin Labanan, wanda ya ƙudura sai an sallame shi daga soja, don haka kullum sai ya ci ado da kayan mata, da jaka da ɗankunne, ko a ce ya taɓu a kore shi gida. Ba wanda ya kula shi. In ya zo da sabuwar riga sai dai a ce ta yi masa kyau, a ba shi bindiga ya tafi gadi.

Kada in yaudare ku, ba komai na wasan ne zan yaba ba. Likitocin suna da tukunyar dafa barasa a cikin tantinsu, kuma ana shan ta kamar ruwan randa. A shekarun farko an mai da mata masu jinya abin tsokana da nema, sai daga baya aka gyara, aka ba Houlihan mutuncinta na ƙwararriya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen ƙasar. Ana ƙiyasin rayuka kusan miliyan 3 ne suka salwanta a yaƙin nan, mafi yawansu 'yan Koriya, kuma farar hula sun fi sojoji yawa a cikinsu. Amma a wasan, ɗan Koriya yawanci mai wanki ne, ko maraya, ko manomi da ke wucewa da sansa a bayan fage. Mai gida ya koma ɗan kallo a gidansa. Mu da ake zuwa a yi fim da labarai a kan yankinmu, mun san ɗacin wannan.

Duk da haka akwai abin da masu shirin suka yi wanda ya sa na ga ya cancanci a kawo shi gidan rediyo. A wancan zamani, wasannin ban dariya na Amurka ana saka musu dariyar gwangwani, wato muryoyin mutane da aka naɗa tun tuni, sai a danna duk lokacin da aka yi barkwanci. Su Gelbart ba su so, masu tasha suka ce dole. Aka ja, aka ja, aka tsaya a kan sharaɗi guda: a saka dariyar a tantin barci, a saka a wajen cin abinci, a saka a ofis, amma da zarar an shiga tantin tiyata, a kashe ta. Likitocin suna iya zolayar juna hannunsu cikin cikin mutum, amma mai kallo ba zai ji kowa yana taya su ba. Sai ƙarar almakashi da numfashi. A Ingila ma, da BBC ta nuna wasan, gaba ɗaya ta cire dariyar.

Ga misalin abin da ke faruwa a wannan tanti. A watan Maris 1975 aka nuna kashin da aka sallami shugaban asibitin, Kanar Henry Blake, mutum mai sauƙin kai da kowa ke so. An yi liyafa, an yi ban-kwana, an yi dariya, ya hau jirgi zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa. Mai kallo yana shirin tashi, sai ga Radar ya shigo tantin tiyata ko takunkumin baki bai sa ba, da takarda a hannu. An harbo jirgin a kan tekun Japan, ba wanda ya tsira. Kyamara ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, idanu sun cika da hawaye a saman takunkumi. Kuma ba wanda ya ajiye wuƙa, domin kowa da mutum kwance a gabansa. Masu kallo suka yi ta aiko da wasiƙun fushi, wai wasan dariya ne, don me za a kashe musu mutum. Masu shirin suka tsaya a kan bakansu: a yaƙi ba kowa ke komawa gida ba. Ku tuna a daidai lokacin Amurka na fama da raɗaɗin yaƙin Biyetnam. Koriya ake faɗa, Biyetnam ake nufi, irin zancen nan na a bar jaki a doki taiki, sai dai a nan kowa ya gane wanda ake duka.

(Gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan tsohon wasan talabijin na likitocin soja, M*A*S*H. Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauko shi.

Kowane kashi na wasan da hoto ɗaya yake buɗewa: ƙananan jirage masu saukar ungulu suna tahowa ta kan duwatsu, kowanne da gadon majinyaci ɗaure a gefensa na dama da na hagu, mutane suna gudu su tarye su. Ba tafiya suke yi ba, gudu. Na daɗe ina kallon wannan hoto kafin in gane cewa shi ne gundarin labarin duka. Jirgin, mai suna Bell H-13, ƙarami ne ƙwarai, mutum biyu kawai yake ɗauka a kwance, a waje ma, iska na dukansu. Amma tafiyar da mota za ta shafe sa'o'i tana yi a kan duwatsun Koriya, shi cikin mintuna yake yin ta. An matso da asibiti kusa da mai rauni, an kuma gaggauta kawo mai rauni asibiti. Sakamakon ya fito a lissafi. A yaƙin duniya na biyu, cikin sojojin Amurka 1,000 da suka isa hannun likita da rauni, wajen 45 kan mutu. A Koriya adadin ya sauko zuwa wajen 25. Haka batun yanke ƙafa da hannu. A da, in babbar jijiyar jini ta tsinke, ɗaure ta ake yi, kuma kusan rabin masu irin wannan rauni sai an yanke musu gaɓar. A Koriya likitoci suka fara ɗinke jijiyar, abin ya faɗo zuwa wajen 13 cikin 100. Ɗinkin ba ya yiwuwa sai in an kawo mutum da wuri, tun naman ƙafar bai mutu ba.

Akwai wani kashi na 1979 da suka manna hoton agogo a kusurwar talabijin. An kawo soja babbar jijiyarsa ta fashe, likitoci suna da minti 20 kacal, mai kallo kuma yana ganin allurar agogon tana tafiya tare da su. Ban san wani malamin kiwon lafiya da ya taɓa bayyana wannan darasi fiye da agogon nan ba.

Kuma dabarar ta girmi Amurkawa nesa ba kusa ba. Malamanmu na tarihin Musulunci suna ba mu labarin Rufaida al-Aslamiyya, Allah ya ƙara mata yarda, wadda take da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu, tantinta aka kai shi, don ya kasance kusa. Tanti, mace mai jinya, da kusanci: duk abin da muke faɗa yana nan. Daga baya kuma a Faransa, likitan rundunar Napoliyon, Dominique Larrey, ya ƙera kekunan doki masu sauri don kwaso masu rauni tun ana cikin faɗa. Shi ne kuma ya kafa ƙa'idar da ta ba manyan hafsoshi haushi: wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ko kurtu ne, ko ma abokin gaba.

Wannan ƙa'ida ita ake kira tantancewa, kuma a kanta Hawkeye ya fi yin faɗa a wasan. Za a kawo ɗan Amurka da karaya a hannu, a kawo sojan Koriya ta Arewa da harsashi a ƙirji, ya ce a shigo da na ƙirjin. Wani ya ce ai maƙiyi ne. Ya ci gaba da wanke hannunsa. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 ma haka suka ce, ba a fifita mai rauni a kan mai rauni sai da dalilin lafiya.

Jama'a, nan ne maganar ta fara shigowa gidanmu. Sau nawa muka tayar da jijiyar wuya a bakin ɗakin majo, wai tun asuba muka zo aka shigar da wanda ya zo bayanmu? Ni kaina na yi. Na kai yarona da zazzaɓi, muna zaune, aka shigo da wata mata a kan amalanke, aka wuce da ita ciki. Na miƙe na ce wannan son kai ne, ko don ta san wani. Wata ungozoma ta leƙo ta ce, "Malam, naka yana kuka, ai da sauran ƙarfi. Wannan ta daina kukan." Jini ne ya ɓalle mata bayan haihuwa. Na koma na zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ce ba a yin son kai a asibitoci ba, ana yi, kuma in an yi a faɗa. Amma layin asibiti ba layin famfo ba ne.

Mu ba mu da jirgi mai saukar ungulu da ke jiran kiranmu. Abin da muke da shi babbar hanya ce da ta taso daga Kwatano, fiye da kilomita 700, ta ratsa Paraku da Kandi, ta bi ta tsakiyar garin nan namu na Guéné zuwa gadar Malanville. A kanta kamiyo ke gudu, a kanta kabu-kabu ke ɗaukar mutum uku da buhu, a kanta ake koro shanu ranar kasuwar dabbobi. Ƙaho yana huda ciki. Adda tana zamewa a gona. Sannan ga abin da ba mu so mu faɗa amma ya zama dole: tun da aka kafa rundunar sojan ƙasarmu ta Mirador a farkon 2022, mun san wutar da muke jin labarinta a nesa ta iso dajin W, bayan gidanmu. Ran 8 ga Janairu 2025 an kashe sojojinmu 28. A harin ran 17 ga Afrilu na shekarar, gwamnati da bakinta ta ce 54. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Duk inda aka ƙirga gawa, akwai masu rauni da ba a ƙirga a rediyo ba, akwai kuma ma'aikatan lafiya, na soja da na farar hula, da suka kwana a tsaye a kansu.

Daga nan zuwa asibitin Malanville tafiya ce. In abin ya fi ƙarfinsu, Paraku na can kusan kilomita 300. Babban mutum kuwa jinin jikinsa duka wajen lita biyar ne, kuma in babbar jijiya ta tsinke, cikin minti biyar yana iya ƙarewa. Wane likita ne zai iso cikin minti biyar? Babu. Wanda ke wurin a minti biyar ɗin nan, kai ne ɗan kabu-kabu, ke ce mai tallar fura, kai ne makiyayi.

To ku riƙe waɗannan, ba su da yawa. In ka ga jini na zuba, nemi tsumma mafi tsabta da ke kusa, rawani, ɗankwali, riga, ka danna a kan raunin da dukan ƙarfinka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In tsumman ya jiƙe, ɗora wani a kansa, kada ka cire na farkon. In a hannu ne ko ƙafa, jinin yana tsartuwa, dannawa ta kasa tsayar da shi, ɗaure gaɓar da ƙyalle mai faɗi a saman raunin, wajen yatsu uku ko huɗu, ba a kan gwiwa ba. Sa sanda a ƙullin ka murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi ihu, domin da zafi, kada ihun ya sa ka sassauta. Dubi agogon wayarka ka riƙe lokacin, ka gaya wa likita, kuma ba mai kwancewa sai shi. Ban da siririyar igiya ko waya, suna yanka nama.

In wuƙa ko ƙarfe ko itace ya cake a jiki, bar shi inda yake, shi ke toshe ƙofar jinin. Tallabe shi da tsumma ta gefe da gefe a tafi da shi haka. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ko garin batir, ko kashin shanu. Na san an gada, na san wani zai ce kakansa da haka ya warke. Waɗanda ciwon sarƙe haƙora ya kashe ta wannan hanya ba su nan balle su ba da nasu labarin. Kada a ba mai mummunan rauni ruwa ko fura, komai roƙonsa, domin in za a yi masa tiyata abin da ke cikinsa yana iya komowa ya shaƙe shi. Wanda ya faɗo daga babur ko mota yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi kamar buhun masara, a sami katako ko ƙyaure, a ɗaga shi a miƙe, wani na riƙe da kansa. Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi a kan gefensa a hankali, kai da jiki tare. Ku kuma masu zaro waya ku ɗauki hoto don WhatsApp, wayar nan tana kira. Kira mota.

Kada wani ya ce shi ba kowa ba ne. A yaƙin Bama, inda kakanninmu Hausawa da yawa suka je ƙarƙashin Ingila, akwai wani matashi ɗan Najeriya, Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinya a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. A watan Maris 1944 sojojin Japan suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Mai jinya ya zama abin jinya, ba asibiti, ba likita. Wani manomi Musulmi, talaka, shi ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa sun gama yawo. Fadoyebo ya koma gida, ya yi aure, ya tsufa, sai a 2012 ya rasu.

Sai jini. A wasan, in aka yi ta sauke masu rauni har ma'ajiya ta ƙare, kowa ke naɗe hannun riga: mai dafa abinci, direba, limami, har likitan da ya fito daga tiyata. Har yau ba a ƙera injin da ke yin jinin mutum ba, daga jikin wani ake samunsa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Mu kuwa sai an ce matarka na bukatar leda biyu, sannan a fara zagaye dangi, wannan ya ce yana da tafiya, wancan ya ce jininsa kaɗan ne. Duk ranar da masu karɓar jini suka zo garin nan, samari majiya ƙarfi, a fito. Ledar da ka bayar yau ba ka san wa za ta tarar ba.

(Gajeren kiɗa)

Saura dariyar, da na yi wa Baba alkawarin zan ba shi amsa.

A kashin ƙarshe, ba a tantin tiyata aka fara nuna Hawkeye ba. A asibitin masu taɓin hankali yake, likitan ƙwaƙwalwa Sidney Freedman na zaune gabansa. Mutumin da ya shekara 11 yana ba duniya dariya, ga shi ya karye. Yana ba da labarin wata mota da suke ciki da dare tare da 'yan gudun hijira, suka kashe fitila suka yi tsit saboda abokan gaba na sintiri kusa. Ya ce wata mata na riƙe da kaza, kazar ta yi ta kuka, ya daka mata tsawa ta sa ta yi shiru, matar ta matse kazar har ta mutu. Likitan ya yi ta mai da shi kan labarin, yau da gobe, har ranar da gaskiya ta fito daga bakinsa. Ba kaza ba ce. Jaririnta ne.

Sai mai kallo ya waiwaya ya gane abin da barkwancin nan na shekara da shekaru yake rufewa. Mu ma mun san irinsa. Mun san raha tsakanin Bafillace da Ba'are, ko Bagobiri da Bazabarme, yadda ake faɗa wa juna magana mai nauyi cikin wasa a rabu lafiya. Mun san masu haƙar kabari, in ka matsa kusa da su wani lokaci za ka ji suna tsokanar juna ƙasa-ƙasa. Ba rashin tausayi ba ne, abin da ke sa gobe su iya sake ɗaukar diga ke nan. Don haka in ka wuce ta bayan asibiti ka ji masu jinya suna dariya a kan shayi, kai kuma naka na kwance ciki, na san abin da zuciyarka za ta raya maka. Wataƙila yarinyar da ke dariyar ita ta rufe idon yara biyu a daren jiya. Sharaɗin dai shi ne wanda su Gelbart suka kafa: a bakin gadon majinyaci ake kashe ta. Ma'aikacin da ya yi wa mara lafiya dariya ko tsawa a kan ciwonsa, wannan ba ya cikin waɗanda nake karewa.

In kuma kuna da ɗa ko miji ko ƙane da ya dawo daga daji, soja ne ko ma'aikacin lafiya ko wanda abin ya rutsa da shi a gona, kuka ga ba ya barci, ƙarar tayar mota na sa shi zabura, ya daina shiga mutane, ko fushi ya yi masa yawa, kada ku ce ya zama rago, kada kuma ku yanke cewa iska ce kawai. A yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita, domin ciwo ne sananne kuma ana jinyarsa. In ya fara ba da labari, ko da na kaza ne, a bar shi ya kai ƙarshe.

Af, na manta da Klinger, mai kayan mata. Da aka tsagaita wuta kowa ya ɗaure kayansa zai koma Amurka, shi kaɗai ne ya ce zai zauna. Ya auri wata 'yar Koriya, za su tafi neman iyayenta da yaƙi ya raba su. Asibitocin na gaske kuwa, na ƙarshensu, mai lamba 212, aikinsa na ƙarshe ba a yaƙi ya yi shi ba. Muzaffarabad ta Pakistan aka kai shi bayan girgizar ƙasar Oktoba 2005, da ya gama aka bar wa Pakistan tantunan da kayan aikin a 2006.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da ma'aikacin lafiya nan ɗakin, mu yi magana a kan saran maciji, da abin da ya sa ɗaurin da na koya muku yau ba a yin sa a kan sara. Baba, in kana saurare, gobe da safe ina nan tafe shan shayi, ka tanadi naka jawabin. A kwana lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)